JIRGI NAWA ZAI IYA TASHI YAU?

Ya ku ƴan'uwa na rassan Madawa da Buza da Kaita, maganarmu ta wannan fitowa a kan jiragen yaƙi na ruwa take, waɗanda tsofaffinmu ke kira manuwa, da kuma mutanen da ke aiki a cikinsu.

Mun sani wani zai yi dariya ya ce, mu da ke zaune tsakanin fadamar Tarka da duwatsun Adar, ina ruwanmu da manuwa? Nijar ba ta da bakin teku ko taki ɗaya. Daga Madawa zuwa Kwatano tafiyar kilomita dubu ce da ɗoriya. To, a yi haƙuri a saurara, gama maganar ta fi kusa da aljihunmu bisa ga yadda muke zato, ta kuma shafi rayukan ƴaƴanmu da ke cikin soja.

INA RUWANMU DA TEKU

Ku dubi rumfunan kasuwa. Shinkafa, sukari, takin zamani, maganin asibiti, injin ban-ruwa da manomin albasa ke taƙama da shi, kusan duk ta ruwa suka zo. An sauke su a Kwatano ko Lome ko Ikko kafin manyan motoci su hauro da su. Man Agadem kuwa bututu ne mai tsawon kusan kilomita 2,000 ke kai shi Seme a ƙasar Benin, inda jirgi na fari ya yi lodi a watan Mayu na 2024. Watau abin da muke saye ta teku yake shigowa, abin da ƙasa ke sayarwa ta teku yake fita.

Ga abin da ya faru a 2011. Ƴan fashin teku suka addabi gaɓar Benin, suka faɗa wa jirage wajen 20 cikin shekara guda. A watan Agusta masu inshorar jirage na London suka sa ruwan Benin cikin jerin wurare masu hatsari, kuɗin ɗaukar kaya ya hau. Wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo bincike suka ba da rahoto cewa jiragen da ke shiga Kwatano sun ragu da kashi 70 cikin 100. Benin ba ta da isassun jiragen da za su fita su yi sintiri, sai Shugaba Boni Yayi ya nemi taimakon Shugaba Goodluck Jonathan. A watan Satumba jiragen Nijeriya suka fara sintiri tare da na Benin, fashin ya lafa a wannan gaɓa. Duk tammar da aka ƙara wa mai jirgi, a kan wa take ƙarewa? A kan mai sayen tiyar shinkafa a Buza. Don haka ne ma, da aka raba gaɓar Afirka ta Yamma shiyya-shiyya bayan yarjejeniyar Yawunde ta 2013, aka sa Nijar shiyya ɗaya da Nijeriya da Benin da Togo, aka buɗe ofishin shiyyar a Kwatano a 2015.

To, tun da maganar ta shafe mu, ga abin da muke so kowane ɗan reshe ya riƙe. Ƙarfin rundunar ruwa ba a auna shi da yawan jiragen da aka rubuta a takarda. Ana auna shi da jiragen da za su kwance igiya yau ɗin nan, da injin lafiyayye, da mai a tanki, da cikakkun ma'aikata waɗanda suka san aikinsu. Sauran ƙarfe ne a bisa ruwa, yana cin fenti yana cin kuɗin talakawa.

LABARIN ARADU

Misalin da ya fi kusa da mu yana Nijeriya, kuma sunansa ma Hausa ne. Rundunar ruwan Nijeriya, wadda aka kafa a 1956, ta sa wa jiragenta da dama sunayen Hausa: Dorina, Damisa, Kyanwa, Kada. Babbansu duka shi ne Aradu.

An ƙera Aradu a birnin Hambug na ƙasar Jamus, a ma'aikatar Blohm + Voss, lokacin da kuɗin fetur ke malala. An tura shi ruwa a 1980, ya kama aiki a 1982. Tsawonsa mita 125, nauyinsa ya haura tan 3,000. Yana ɗauke da babbar igwa, da makamai masu linzami, da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Ranar da ya iso Ikko, babu irinsa a duk gaɓar nan. Aka yi fareti, aka buga hoto, aka ce Afirka ta tsaya da ƙafarta.

Amma ku duba cikinsa. Gangar jikin ta Jamus ce. Manyan injina biyu na gudu na Ingila ne, ƙanana biyu na gazuwal na Jamus. Igwa da makamai masu linzami na Italiya. Na'urorin hangen nesa na Ingila da na Holan. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa kayan gyara, da nasa littafi, da nasa gwani, kuma ba a biyan ko ɗaya sai da kuɗin waje. Jirgin kuwa ba ya aiki sosai sai da mutum 195, cikinsu hafsoshi 26.

Ba a daɗe ba farashin fetur ya faɗi. Daga 1986 darajar naira ta riƙa zubewa, kayan gyara suka yi tsada ninkin ba ninkin. A 1987 Aradu ya kafe a rairayi, ya kuma yi karo. Aka shigar da shi gyara a Ikko, bai fito ba sai 1994. A 1995, bayan da gwamnatin Janar Abaca ta rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa, ƙasashen Turai suka hana sayar wa Nijeriya kayan yaƙi, ba su ɗage ba sai 1999. Wanda ya sayar maka da jirgi ya riƙe mabuɗin rumbun kayan gyara, ai jirgin nasa ne har yanzu, kai dai mai gadi ne.

An lallaɓa Aradu ya je Ingila a 2005 bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga, ya kuma ƙetare teku zuwa Barazil a 2007. Wannan abin yabo ne ga injiniyoyin da suka yi ta fama da shi. Bayan haka ya shekara da shekaru a ɗaure a Ikko, daidai lokacin da ƴan fashi ke cin karensu ba babbaka a mashigin Gini. Da buƙata ta matsa, Nijeriya ta karɓi tsofaffin jiragen gadin gaɓa biyu daga Amurka, Thunder a 2011 da Okpabana a 2014, ko wannensu ya haura shekara 40 a ruwa. A 2023 aka sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya don ya sake gyara Aradu.

Duk wannan tsawon lokaci sunan Aradu yana nan a saman takarda, shi ne babban jirgin runduna. Ɗan fashi kuwa ba ya karanta takarda. A 2020 ofishin da ke ƙidayar fashin teku na duniya ya lissafa ma'aikatan jirage 130 da aka sace a mashigin Gini cikin shekara guda, daga cikin 135 da aka sace a duniya baki ɗaya. Abin ya ragu ƙwarai daga 2021, bayan da Nijeriya ta kafa dokar hukunta ƴan fashin teku a 2019, ta zuba ƙananan jirage masu gudu da jiragen sama na leƙe, ta kuma horad da mutanen da ke kwana a kan ruwa. Ƙaramin jirgin da ya fita ya fi babban da ke ɗaure.

Akwai kuma abin koyi. A 2012 ma'aikatar gyaran jirage ta rundunar a Ikko ta ƙera nata jirgin sintiri, Andoni. Karaduwa ya biyo baya a 2016, Oji a 2021. Ƙanana ne, ba su kama ƙafar Aradu ba. Amma hannun da ya ƙera abu ya san inda zai taɓa in ya lalace.

LISSAFIN MUTANE

Yanzu bari mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Babbar motar albasa da ta tashi daga Galmi za ta Akara, direba kan tsaya ya yi barci, yaran mota su sa waigi su kwana a ƙarƙashinta. Jirgi a tsakiyar teku ba shi da tashar da zai tsaya. Dare da rana sai da mutum a wurin tuƙi, da mutum a ɗakin injin, da mutum a gaban na'urar hange, da mutum a wayar iska. Al'adar jirage ita ce a raba ma'aikata kashi uku, kowa ya yi awa 4 a bakin aiki ya sauka awa 8, a cikin awa 8 ɗin nan zai ci abinci, ya yi gyare-gyare, ya yi atisaye, ya runtsa. Ashe ko wace kujera ɗaya mutum uku take ci. In aka rasa ɗaya, biyun da suka rage su za su ɗauki nauyinsa, barcinsu ya ragu. Mai gyangyaɗi kuwa ba ya ganin jirgin da ke tahowa.

Haka kuma su kansu jiragen. Masana aikin sun saba cewa in kana son jirgi ɗaya ya zauna kullum a bakin aiki, sai ka mallaki uku: ɗaya yana ruwa, ɗaya yana gyara, ɗaya ma'aikatansa na horo. Saboda haka in kuka ji an ce ƙasa kaza tana da jirage 9, ku raba uku tun kafin ku tambayi lafiyarsu.

Sa'an nan ga maganar lokaci. In akwai kuɗi, ana ƙera jirgi cikin shekara biyu ko uku. Kurtu kuwa, kafin ya zama babban makanike wanda zai ji ƙarar injin ya ce ga inda ciwo yake, sai ya yi shekara goma ko fiye yana shan maiƙo. Kyaftin ya fi haka daɗewa. Kuma ranar da ya ƙware, ranar ce kamfanonin fetur da jiragen ƴan kasuwa za su zo zawarcinsa da albashin da gwamnati ba ta biya. In ya tafi, shekara goman nan ta tafi da shi, babu kantin da za a sayo wata.

Kada a ce wannan ciwon talaka ne kaɗai. A 2017 jiragen yaƙin Amurka biyu suka yi karo da jiragen ƴan kasuwa: Fitzgerald a watan Yuni kusa da Japan, mutum 7 suka mutu, John S. McCain a watan Agusta kusa da Singafo, mutum 10 suka mutu. Babu abokin gaba da ya harba ko harsashi ɗaya. Masu binciken gwamnatinsu suka tarar akwai ma'aikatan da ke yin fiye da awa 100 a mako, kuma fiye da sulusin takardun shaidar horo na manyan jiragen da ke zaune a Japan wa'adinsu ya wuce. Aka tuɓe kwamandan rundunar. A 2024 Ingila, wadda ta taɓa mallakar wajen rubu'in duniya da manuwa, ta ajiye jirage biyu, Westminster da Argyll, jaridun ƙasar kuwa suka ce ƙarancin ma'aikata na cikin dalili. In masu ƙera jirgi da hannunsu sun rasa masu tuƙi, ina ga mai saye?

RUWANMU NA GIDA

To, mu komo gida. Nijar ba ta da teku, amma tana da ruwa biyu da ake zubad da jini a kansu. Na ɗaya kogin Kwara, wanda ya ratsa ƙasar wajen kilomita 550, daga iyakar Mali ya bi ta Yamai har Gaya. Na biyu tafkin Cadi a gabas.

Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Farin shekarun 1970 da 1980 ya tsotse shi, ya bar tsibirai barkatai da ciyayi da hanyoyin ruwa ƙanana waɗanda ke sauyawa daga damina zuwa rani. Motar soja ba ta shiga, babban jirgi ba ya shiga. Sai kwalekwale mai injin, da mutumin da ya san hanya.

Ran 25 ga Afrilu 2015, da asuba, ƴan Boko Haram suka zo cikin kwalekwale masu injin suka faɗa wa sansanin sojanmu a tsibirin Karamga. Gwamnati da bakinta ta ce soja 46 suka rasu, da mutanen gari 28. Bayan haka aka kwashe dubban mutane daga tsibiran zuwa Gigimi da Boso, suka bar komarsu da shanunsu. A watan Disamba na 2018 aka ci sansanin sojan ruwan Nijeriya a Baga. Ran 23 ga Maris 2020 aka kashe sojan Cadi kusan 100 a Boma. Ƙasa uku, darasi ɗaya: wanda ya mallaki ruwa shi ke zaɓen ranar faɗa da wurin faɗa. Sojan da aka ajiye a tsibiri, in babu jirgin da zai kai masa gudummawa da harsashi, ya kwaso masu rauni, to an ajiye shi ne a bakin kura.

Su wa ake turawa can? Har da ƴaƴanmu. Yaron da ya tashi a Kaita ko Bangi ya san dutse, ya san rairayi, ya san tafiyar dare. Ruwa kuwa, in ya yi yawa ya ga tafkin Tabalak ko ambaliyar Maggiya. A ba shi bindiga da takalmi mai nauyi a ɗora shi bisa kwalekwale ba tare da an koya masa iyo ba, ba rigar ruwa, wannan ganganci ne da ran ɗan talaka. Alhali ƙasar nan tana da Sorkawa a bakin Kwara, tana da Buduma a tafki, tana da masunta Hausawa da Barebari waɗanda aka haifa cikin jirgi. A watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar fita daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Cadi. Duk wanda ya ce zai tsare gonarsa shi kaɗai, sai ya tabbata gatarinsa na da ƙota.

Mu mutanen Kaita ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da kuɗin Italiya, an kawo katafila da tarakta. Amma duwatsun da aka jera a kan tuddai, da ramukan da aka haƙa, da itatuwan da aka dasa, hannun mutane ne ya yi, galibinsu mata. Kuma kowa ya san famfon da aka kafa da kiɗa da jawabi a wani ƙauye, bayan shekara biyu mata suka koma rijiya da guga, don an rasa ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba da wanda zai ɗaura shi. Ciwon Aradu ke nan, girma ne kawai ya bambanta.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu ce kada a sayi kayan yaƙi ba. Ƙasar da ba ta tsare kanta ba, ƴancinta na baki ne. Abin da muke cewa shi ne a bi tsari, kuma ga shi:

1. Kafin a sa hannu a sayi jirgi, babba ko ƙarami, a fara zaɓen waɗanda za su yi aiki da shi a tura su horo. Mutum ya riga ƙarfe isowa.

2. Ko wane ciniki ya zo da kayan gyara na shekaru, da littattafan injin, da sharaɗin koya wa makanikanmu har su iya buɗe shi su rufe ba tare da an kira kowa daga waje ba.

3. A rage tarkace. Gara injin iri ɗaya guda 20 da iri 10 guda bibbiyu, ko da kyauta aka ba mu. Kyautar da ba ta da kayan gyara bashi ce.

4. A ɗauki ƴaƴan masunta cikin soja da jandarma na ruwa, a girmama saninsu, a ba su galan gwargwadon aikinsu. Duk sojan da za a tura tafki ko kogi a koya masa iyo, a ba shi rigar ruwa.

5. A ware kuɗin mai da na atisaye, kada a taɓa su don biki. Jirgin da bai fita atisaye ba, ranar yaƙi ba zai fita ba.

6. A biya gwanaye abin da zai zaunad da su, a ba su hutu su ga iyali, a kula da matan da marayun waɗanda suka kwanta dama.

7. Ko wace irin rigima ce ta shiga tsakanin gwamnatoci, a bar ƙofar magana a buɗe da maƙwabtan da jiragensu ke tsaron hanyar kayanmu. Gwamnatoci na zuwa suna wucewa, teku kuwa tana nan inda Allah ya ajiye ta.

Wani zai ce wannan asirin soja ne, ba maganar talaka ba ce. Mun yarda akwai asiri: inda jirgi zai bi da daren da zai tashi. Amma ko an biya kuɗin gyara, ko an koya wa yaro iyo, wannan ba asiri ba ne ga abokin gaba, gama shi ya riga ya gani da idonsa. Wanda ake ɓoye wa shi ne mai biyan haraji da uwar soja.

Saboda haka muna roƙon sakataren ko wane reshe ya karanta wannan takarda a taro, ya fassara ta da baki ga waɗanda ba su yi lakwal ba. A gayyaci tsofaffin soja da direbobi da makanikai na gari su faɗi abin da suka gani. Sa'an nan duk ranar da wani babba ya zo ya ce an sayo kaza an sayo kaza, ku yi masa maraba, ku ba shi ruwa ya sha, kana dattijon reshe ya miƙe cikin ladabi ya ce: ranka ya daɗe, mun ji adadin da aka saya. Nawa ne za su iya tashi yau, su wa ke cikinsu, wa zai gyara su in sun tsaya? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Allah ya tsare ƴaƴanmu na tudu da na ruwa, amin.